Gajimarin da Jatau Ya Sa a Rijiya

Jatau ya yi ƙarya a bakin rijiya, alhali abokin aikinsa yana ƙasa rairayi ya danne shi. Laifinsa ke nan, ba kuwa zan shafa masa zuma ba.

A wani ƙauye ne kusa da Kanan-Bakashe, kan hanyar Tasawa, shekarar da damina ta ɗauke da wuri. Rijiyar garin guda ce, ta fara ba da laka. Masu yasar rijiya biyu ne, Jatau da Ishaƙu. Ƙa'idar aikinsu ita ce ɗaya ya sauka, ɗaya ya riƙe igiya, na sama kuma ba ya sakinta ko kunama ta harbe shi. Ran nan da hantsi Ishaƙu ya sauka. Gefen rijiyar ya zabge. Jatau ya ji ƙasa ta motsa a ƙarƙashin ƙafarsa, ya saki igiya ya ruga, igiyar ta bi Ishaƙu.

Tsoro halin ɗan Adam ne. Da Jatau ya yi kururuwa a kawo wata igiya, da an yafe masa. Amma ya san wanda ya taɓa sakin igiya ba mai sake yarda ya sauka a hannunsa. Don haka da mutane suka taru, sai ya dafe kai ya ce, "Gajimari ne. Da idona na ga ya fizge igiyar."

A nan ne ya yi ta'asa, domin sunayen nan ba ɗaya suke ba. Dodo na yara ne. Uwa takan ce akwai dodo a rijiya don kada ɗanta ya leƙa, in ya girma ya gane ya yi dariya. Tatsuniya ma ba ta cutar kowa, tun daga buɗe baki mai yinta ta sanar da kai ƙarya za ta yi. Gajimari kuwa sunan da manya ke faɗa ne da murya ƙasa-ƙasa. Sun ce wani maciji ne mai launi-launi da ke kwana a rijiya, in ya tashi sama ya shanye hadari. Ba wanda ya taɓa ganinsa, ba kuma wanda ya yarda ya ƙaryata shi da baki. Aljannu dai Allah ya faɗe su. Gajimari mutane ne suka faɗe shi, amma sun fi tsoronsa.

Ana tsaye sai aka ji murya daga ƙasa, siririya, tana kira.

"Kada kowa ya amsa!" in ji Jatau. "Ya riga ya haɗiye shi. Da muryarsa yake kira, wanda ya amsa shi ne na biye."

Mutane suka ja da baya. Kowa ya tashi da jin cewa ba a amsa kiran da ba a ga mai yinsa ba.

Kadijatu, matar Ishaƙu, ta iso da garin daka a hannunta. Ta durƙusa gaban maigari Sanda.

"Baba, maigidana ne. Na san tarinsa. A ba ni igiya."

"Ɗiyata, yi haƙuri. Mai sana'ar ya ce ya gani. In na tura ɗan wani ya bi shi, mi zan ce wa uwarsa?"

Ta juya wurin ƙanen mijin, ya sunkuyar da kai. Ta kama rigar maƙeri, ya ce igiyarsa ta ruɓe. Ta bi maza ɗaya-ɗaya tana kiran kowa da zumuncin da ke tsakaninsu, wannan kawu, wannan yaya, wannan suruki. Igiyoyin gugan mata kuwa ba za su ɗauki mutum ba. Rana ta take, muryar tana ƙara nisa. Maigari ya ce a nemo baƙin bunsuru a yanka, a sari ƙaya a rufe bakin rijiyar kafin abin ya fito.

"Rufewa za ku yi?" in ji Kadijatu. "Jatau, dube ni. Kai da ka ci tuwona jiya. Wane launi ne kansa, shi Gajimarin?"

"Ke, mace ba ta tambayar wanga," in ji Jatau.

"Ba ka gan shi ba!"

"Ku riƙe ta, baƙin ciki ya taɓa ta."

Ana jan ƙaya ke nan Amani ya iso, wani Buzu makiyayi da ke shayar da raƙumansa a nan kowane rani. Ya saurari labari, ya matsa ya kara kunne.

"Ku Hausawa," ya ce, "abin naku har salati yake yi? Namu aljannun suna can daji inda ba kowa, ba su san rijiya ba." Ba wanda ya yi dariya. Ya dubi Kadijatu. "Ni ba na shiga ramin da masu shi suka ƙi. Igiya dai ga ta, ta fata ce, ga raƙumi. Wa zai sauka?"

Ba namijin da ya matso. Kadijatu ta ɗaure zanenta tamau, ta ɗauki ƙwarya. Ta tsaya a bakin rijiyar ta yi abin da ba ta taɓa yi ba tun ranar aurenta, ta kira mijinta da sunansa a gaban jama'a.

"Ishaƙu! Ga ni nan!"

Tsofaffi mata suka toshe baki. Amani ya ɗaure ta a ƙugu, ya ɗaura ɗaya bakin igiyar ga raƙumi, ya ja shi baya sannu-sannu har ta ɓace.

Ta tarar da shi rairayi ya cinye shi har ƙirji, leɓɓansa sun bushe, igiyar Jatau tana naɗe a kansa. Ba maciji, ba komai, sai duhu da wari na laka. Ta yi ta yasa da ƙwarya, rairayin yana komowa, tana yasa, har faratanta suka fashe. Ta kwance igiyar daga ƙugunta ta ɗaura masa a hammata, ta girgiza igiyar a ja. Shi aka fara fitarwa, ita daga baya.

Aka kwantar da shi a inuwar gawo. Ƙirjinsa ya riga ya murƙushe, numfashi da ƙyar. Ya nemi Jatau da ido har ya same shi a bayan mutane.

"Ka saki igiya," ya ce. "Wannan na yafe. Amma ina jinka kana hana su."

Bai kai la'asar ba. Da an sauka tun kiran farko, da rairayin bai wuce gwiwarsa ba, haka ya gaya wa matarsa a ƙasa.

Bayan an dawo daga jana'iza, maigari Sanda ya karɓe dagin Jatau, ya ba Kadijatu rumbun Jatau da gonarsa. Ya aika ƙauyukan da ke kewaye cewa kada a bar shi ya kusanci aikin rijiya. Aka fitar da shi daga gari kafin faɗuwar rana, da rigar jikinsa kaɗai.