Cinikin Mudi na Ƙarshe

Muna cikin ɗora Mudi a kan amalanke matarsa Hansai ta leƙo zaure da bargo a hannu, tana roƙon a bari rana ta ƙara ɗagawa. Mudi ya ce in rana ta ɗaga ƙasa za ta shanye ruwan, shi kuwa ruwan zai je gani. Ni na ɗauke shi, ni kaɗai. Babban ɗana Murtala ya kawo hannu na ce ya matsa. Wanda ya yi ƙuruciyarsa yana saɓa buhun masara a kasuwar Funtua ba ya neman taimako a kan Mudi, da ciwon hanta ya mayar kamar damin kara.

Ni Maiwada ban taɓa zama a aji ba, amma babu abin da ban gani ba. Na ga shekarar fari. Sanƙarau ya kwantar da ni na tashi. Ɓarayin shanu sun ɗaure ni a jikin bishiya na kwance kaina da haƙori. Tsararrakina na garinmu Dayi duk na raka su makwanci, saura Mudi da muke katanga ɗaya, shi kaɗai ne kuma yake ce mini Sarkin Baki a gaban jama'a in ƙyale shi.

Mudi dillalin filaye ne da gidaje. Gidajen bakin titin Malumfashi da yawa ta hannunsa suka bi, amma shi a haya ya tsufa, don la'adarsa duk ta ƙare a karatun 'ya'yansa mata da aurar da su. To sai mai gidan ya rasu, magada suka ce da kaka za su sayar su raba. Mudi ya san ba zai ga kaka ba. Damuwarsa ɗaya, inda Hansai za ta sa kanta, tunda ta rantse ba za ta zauna gidan suruki ba.

Ya sayar da babur ɗinsa da 'yar gonarsa ta gado, ya sami wani fili can bayan gari. Mai filin ya matsa masa, wai ga wani daga Funtua yana jira. Mudi ya ƙi biya. Ƙa'idarsa ce tun yana saurayi: duk wanda ya kai wa fili da rani, sai ya ce masa ya dawo ya taka shi bayan ruwa mai ƙarfi kafin ya ba da ko sisi. Masu saye nawa suka gudu saboda haka. Na ce masa wannan karon ya ajiye ƙa'ida tunda jiki ya ƙi, ni na san wurin, tsandauri ne, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya a kan ƙasa ba. Ya ce idona ya jira marka.

Ga markar ta zo, an kwana ana zubawa, shi ya sa muka fito.

Da muka isa bai iya sauka ba. Ya ce in cire takalmi in shiga daga kusurwar gabas. Na shiga. Ruwa ya kama mini idon sawu, a tsakiya ya kai ƙwauri, kwaɗi sai tsalle suke a gabana. Ya ce in duba katangar maƙwabci, in ga inda danshin bara ya tsaya. Ya kai gwiwa. Ya sa Murtala ya yi sallama da matar gidan, don a cewarsa maigida zai kare mutuncin unguwa, amma matar ita ke kwashe ruwa daga ɗaki da kwano. Ta bayan ƙyaure ta ce kowace damina a kan gado suke ɗora buhun hatsi.

Na fito na gaya masa gaskiya, cewa wurin ne ya canza, lokacin da na san shi ba haka yake ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Muka kamo hanyar dawowa. Ina tunanin abin da za a gaya wa Hansai. Can Mudi ya tambaye ni ko ruwan jiya ya shiga gidana. Na ce gidan wa? Tun da ubana ya kafa shi ruwa bai taɓa kwana ciki ba. Ko garken da nake ɗaure shanu a baya, yanzu haka ka shimfiɗa tabarma ka yi salla. Sai ya ce wa Murtala ya zagaya da mu ta baya. Ya daɗe yana kallon wurin.

"To, Sarkin Baki, ka faɗa da bakinka a gaban ɗanka. Nawa za ka sayar da rabin garken nan?"

Ni da ɓarayi suka kasa riƙewa, ga maras lafiya ya ɗaure ni daga kwance.

"Tun yaushe kake leƙensa ta kan katanga?"

"Tun kana da haƙora."

Na ce na ba Hansai kyauta, duniya da lahira. Ya girgiza kai.

"Kai ka ba ta, jikokinka ba su ba ta ba. Ranar da ka mutu wani zai ce aro ne."

"Ni ba yanzu zan mutu ba."

"Na sani. Kai sai an gaji an sa maka taɓarya. Amma dai a yi ciniki."

Haka aka yi, yadda ya tsara. Aka shimfiɗa masa tabarma a inuwar garken, aka kira mai unguwa da maƙwabtan kowane gefe, aka tara 'ya'yana maza da mata, na nesa aka kira su a waya suka ji da kunnensu. Ya ce da sunan Hansai za a rubuta, ba nasa ba, kada wurin ya shiga rabon gado. Na faɗi kuɗi kaɗan, ya ce bai yarda ba, in ya yi araha gobe a ce an cuci tsoho. Ban taɓa ganin mai saye yana ƙara wa kansa kuɗi ba sai ranar. Da muka daidaita na ce na sallama, Hansai daga bayan zana ta ce ta saya. Ya sa aka kafa rassan aduruku a kusurwa huɗu, yana nuni da yatsa. Sannan ya ce a ba shi la'adarsa, ta mai saye da ta mai sayarwa. Goro ɗaya-ɗaya muka ba shi. Bai iya taunawa ba, ya dai riƙe su a hannu.

Bai ga ƙarshen watan ba. Wata Juma'a bayan la'asar Hansai ta buga katanga, ta ce, "Malam Maiwada, zo ka ga abokinka." Ni na rufe masa ido, ni na shiga na karɓe shi a kabari. Masu cewa sun ga ina hawaye, ƙasa ce ta faɗa mini a ido.

Da kuɗin da ya rage aka sayi bulo, magini ya haƙa tushe, ciki da falo. Hansai tana takaba, ba ta fita, sai dai ta tako turmi ta leƙa ta kan katanga. Na mayar da shanuna ɗaya gefen, amma jan bijimina ya ƙi sabon turke. Kullum sai ya tsinke igiya ya koma inda ya saba, wurin da yanzu ya zama tsakiyar ɗakinta.

Jiya da hantsi na ɗauko sanda zan kore shi, sai na ji muryarta daga kan katanga.

"Bar shi, Malam. Yana ɗuma mini ɗakin."

Na jingine sandar, na zauna a kan bulo. Bijimin yana kwance tsakanin layukan ginin, ya lumshe ido yana tuƙa.