Ranar da Amama Ta Juye Rigakafi a Kwano Ɗaya

A gidanmu na unguwar Nima ba wanda ke cin abu shi kaɗai. Dokar uwata Amama ce. Ko alewa ɗaya baƙo ya kawo, sai ta sa haƙori ta fasa ta, kowane jika ya sami ɗan gutsure, wanda ya yi ƙorafi kuma a karɓe nasa a ƙara wa na kusa da shi. Ni Sanatu na san halinta sarai, amma ban taɓa kawowa a raina cewa dokar nan za ta biyo ni har wurin aiki ba.

A daminar 1992 na sami aikin tafinta wurin wasu masu bincike da suka zo gwada rigakafin kwalara. Ba allura ba ce, sha ake yi. A zuba gari a kofin ruwa ya yi ta kumfa, a tsiyaya ruwan wata 'yar kwalba a ciki, yaro ya shanye da safe kafin ya ci komai. Shugabarsu Dakta Akwele ce, 'yar ƙabilar Ga, doguwa mai haƙuri, wadda Hausarta ba ta wuce "sannu" da "ina gajiya" ba. Ni ke bin ta lungu-lungu muna tsallake kwatami, daga Nima har Maamobi. Na ji daɗin aikin nan ƙwarai. Farar riga aka ba ni, matan da jiya-jiya suke aike na sayo musu gawayi suka koma ce mini Sista.

Abu ɗaya ne mai wuyar faɗi, kuma Dakta ta hana a ɓoye shi. Ba duk kwalaben ne ke da rigakafin ba. Wasu ruwa ne kawai mai kama da shi, launi ɗaya, ɗanɗano ɗaya. Kowane yaro da lambarsa da kwalbarsa, ita kanta Daktar ba ta san wacce ce wacce ba. Sai daga baya a duba a ga su wa ciwon ya fi kamawa, waɗanda suka sha na gaske ko waɗanda suka sha ruwa. Da na yi wa matan layinmu wannan bayani, duk sai suka juya suna kallon Amama, domin ita ta yi wa rabinsu wankan jego, abin da ta yi shi za su yi. Ta gyara ɗaurin zanenta ta ce, "Yoo, mun ji." Na saki jiki, na ɗauka an gama.

Washegari aka kafa tebur a ƙofar gidanmu, da mu za a fara. Ana gama haɗa kofunan yaranmu sai ga Amama da faranti.

"Ku ɗoro mini nan," in ji ta. "Yaran nan ba sa karɓar abu a hannun baƙo."

Wannan kuwa ƙarya ce tsagwaronta, yaran gidanmu ko dutse baƙo ya miƙo musu sai sun lasa. Amma uwata ce, a gaban mutane, ban iya ƙaryata ta ba. Ta ɗauka ta shige ciki. Zan bi ta ke nan maƙwabciyarmu Damata ta riƙe ni da tambaya, ko mai shayarwa ma za ta iya sha. Ko da na shiga tsakar gida, na tarar kofunan duk wayam, Amama ta juye su a babban kwano tana damawa da ludayin koko. Jikokin sun yi layi daga babba zuwa ƙarami, kowa ya wage baki.

"Amama, me kika yi?"

"Abin da kika gani. Kin ce wani magani, wani ruwa. To yanzu duka magani ne. Adisa, matso."

Na riƙe ludayin kafin ya kai bakin yarinyar. Raina ya ɓaci, kunya kuma ta rufe ni, don ga Dakta tsaye a bayana, ga matan layi sun cika ƙofa suna leƙe. Na ji Damata tana aiken wani ya ɗauko mata nata kwanon. In yaran nan suka sha, za a cire gidanmu daga gwajin, in kuma layin ya kwaikwayi Amama, aikin duk ya tashi a banza.

Dakta ta leƙa kwanon, ta dubi ludayin, dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa bango. Da ta lafa sai ta ce in gaya wa Mama cewa maganin da aka tsinka haka ba zai kare kowa ba.

"Gaya mata," Amama ta ce, "ni ba ni da jikan da zan ba ruwa ina kallo, koraa, ko kaɗan. In dole sai wani ya sha ruwan, a ba ni. Ni tsohuwa ce, na ci nawa."

Dakta ta ce hakan ba zai yiwu ba, yaro da yaro ake gwadawa.

Amama ta jawo kujerarta ta zauna, ta fara magana ba ta kallon kowa. Labarin yayyena biyu ne, Kadiri da Moro, a shekarar da kwalara ta fara shigowa garin nan, ina 'yar ƙarama. Rana ɗaya ciwon ya kama su, tabarma ɗaya suka kwanta. Moro ya tashi, ga shi can yana sayar da kayan mota a kasuwar Abossey Okai da tumbinsa. Kadiri bai kai sallar la'asar ta washegari ba. A gidanmu ba a ambaton wannan, sai ga shi yau ni ce zan juya shi zuwa Turanci, jimla bayan jimla. Na faɗa duka.

Dakta ta tsuguna a gabanta ta tambayi me aka ba su.

"Komai. Rubutu, jiƙon ganye, ruwan gishiri, maganin kemis, koko mai ruwa-ruwa. Abin da na ba wannan shi na ba wancan, kwano ɗaya. Allah ya sani ban fifita kowa ba."

"To wanne ne ya taimaki Moro?"

Na yi jinkirin juya tambayar, don na ga kamar ta yi tsauri. Amama ta harare ni, dole na faɗa.

"Ban sani ba," ta ce. "Kullum ina tambayar kaina."

Dakta ta ce ita ma da an tambaye ta yau ko abin da ke cikin kwalaben nan yana aiki, amsarta ke nan. Shi ya sa ake raba kofunan. Ta ƙara da cewa duk yaron da ya yi gudawa, ko me ya sha, su za su yi jinyarsa, in kuma rigakafin ya tabbata, waɗanda suka sha ruwa su za a fara ba. A ci gaba da tafasa ruwan sha kamar yadda aka saba.

Amama ta miƙe, ta ɗauki kwanon da hannunta ta kai bakin kwatami ta zubar. Tunda nake ban taɓa ganin ta zubar da abin sha ba. Ta ce a dawo gobe, ta kuma kori yaran su je su sha koko.

Da safe aka kawo wasu kwalaben masu lambobin jiya. Amama ce ta miƙa wa kowa nasa, ni ina karanta lamba. Sai ta yi bisimilla, ta dafa kan yaro, ta tsaya har ya shanye, sannan ta karɓi na gaba. Ba ta ɗiga ko ɗaya cikin wani ba. Jikanta Mashud ya ce abin gishiri-gishiri ne, ta ce ya rufe baki, da alewa aka yi masa alkawari? Dakta ta yi ta murmushi, ni kuwa zuciyata fari ƙal.

Da yake an ce kada su ci komai sai an jima, sai Amama ta ajiye tukunyar koko a bayanta, ta zauna a bakin ƙofa tana gadi. A nan Damata ta same ta, ta jawo 'ya'yanta, ga kwano a ɓoye ƙarƙashin mayafi. Sauran matan suna biye da ita.

"Amama, yaya za mu yi? A haɗa ko a bari?"

"Mayar da kwanonki gida," ta ce. "Kowa ya sha nasa. Ni dai na gaji da rashin sani."