Ƙofar Inna

Abin da nake tsoro shi ne wata rana motar Baba ta mutu a tsakiyar titi, alhali Inna tana ciki za a kai ta asibiti. Tun da hawan jini ya kama ta nake kwana da wannan fargaba. Saboda haka da Yaya ya aiko da sabuwar mota, ni na yi gaggawar kiran dillali ya zo ya ɗauki tsohuwar.

Motocin biyu suna tsaye a ƙofar gida kamar kaka da jika. Na zagaya da Baba ina yi masa bayani: wannan tana da sanyi, birkinta na kamawa, ba a tura ta da safe.

"Ita ma waccan ba tura ta ake yi ba," in ji Baba. "Lallashinta ake yi."

"Baba, ko ƙofar gaba ba ta buɗuwa ta ciki. Tun ina ƙarami sai ka fita ka zagaya ka buɗe wa Inna. Idan hatsari ya faru fa?"

"Mai difloma ke nan. Kullum yana jiran hatsari kamar baƙon da ya aiko yana tafe."

Duk da haka ya amince, ya shiga ɗauko makulli. Na shiga tsohuwar motar, na zauna a kujerar Inna ina kwashe tarkacenta, sai iska ta banko ƙofar ta rufe. Na ja mariƙin ba tare da tunani ba, sai ga ƙofa ta buɗe sumul.

Inna tana tsaye da leda a hannu, tana kallona.

"Mayar da ita ka rufe," ta ce.

"Inna, yaushe aka gyara ta?"

"Tun kana firamare. Babanka ya yi tafiya, na kira bakanike."

"Kuma bai sani ba?"

"Mutumin da ko sannu da aiki ke yi masa nauyi a baki? Wannan zagayen shi ne duk hirarsa. Idan ya buɗe sai ya ce, 'Sauko, ranki ya daɗe, ƙofar ce ta ƙi.' To a sabuwar motarku me zai ce ya ƙi?"

Dillali ya iso yana harbin tayoyi da ƙafa, yana taɓe baki. Baba ya fito yana murza makullin da babban yatsa, ya kasa miƙawa.

Na juya wajen dillalin.

"Malam, ka yi haƙuri, mun fasa. Sabuwar ta zuwa asibiti ce, ni zan riƙa ja. Wannan kuwa gobe zan kai ta gareji a gyara birki."

"To ƙofar fa, mai difloma?" in ji Baba, yana satar kallon Inna.

"Birki kawai, Baba," na ce da ƙarfi. "Ƙofar babu mai taɓa ta."