Harbi na Huɗu

Tun da hantsi Bakari maƙeri ya kasa zama. Ya tsuguna, ya miƙe, ya zaga bishiyar maina, ya dawo. A jikin bishiyar, can bayan dam ɗin Gubi, aka ɗaure sabuwar bindigar tokar da ya ƙera, an zura doguwar igiya a kunamarta. Ƙungiyar mafarauta na son guda arba'in irinta, in ta ci gwaji. Shekara biyu rabon da aiki irin wannan ya leƙo maƙerarsa ta Ɗan Iya.

Ƙa'idar tsohuwa ce: harbi uku daga nesa, kowa a bayan tudu. In ba ta fashe ba, shugaba ya ɗora ta a kafaɗa ya yi na huɗu.

Ta yi ukun lafiya lau. Mafarauta suka ɓarke da sowa. Bakari ya je kwance ta, ya ɗan ƙwanƙwasa bututun da zobensa kamar yadda ya saba. Jiya ƙarfen nan amo yake yi garau, yau ya dushe kamar tsagaggen ƙoƙo. Babu wanda ya ji sai shi.

Micah, shugaban mafarautan, abokinsa na shekara ashirin, ya miƙo hannu.

"Kawo ta, Malam Bakari, mu gama mu tafi."

Bakari ya dubi kuncin Micah, inda za a jingina bindigar. Ya tuna aikin bindiga arba'in ɗin nan. Wallahi sai da ya yi kwaɗayin yin shiru.

"Shugaba, ba ta yi ba. A mayar da ita jikin bishiya."

Aka mayar, aka ja igiya. Ta tashi lafiya. Aka sake, lafiya. Dariya har da masu riƙe ciki.

"Tsufa ne ya kama kunnenka," in ji Micah. "Kai ka ƙera, kai kake kushewa? Ka bayar ko mu nemi wani."

"Ku nema. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

A keke ya dawo, bindiga naɗe cikin buhu, yana ta zagin kansa. In fa kunnen ne? Sauda, matarsa, ta ajiye masa abinci, ko kallonsa bai yi ba. Ya ɗauki zarto ya hau bututun, gumi na ɗiga, har ya raba shi biyu. Ya kai bakin ƙofa wajen haske.

Ga ta nan, tsaga siririya kamar silin gashi, ta ci rabin ƙarfen, daidai inda fuskar Micah za ta kasance.

Ya zauna daɓas a ƙasa yana dariya, hawaye na zuba.

"Malam, lafiya? An ba ka aikin ne?" in ji Sauda.

"An hana ni. Miƙo min tuwon nan."