Tabarmar Baba Salih a Bakin Titi

A ƙauyen, idan azumi ya kama, maza kan shimfiɗa tabarmi a bakin titin da ke zuwa birnin Madani, su tare motoci don matafiya su sauko su sha ruwa. Baba Salih ne ke gaba, shi ke zaunar da baƙi, shi ke ci a ƙarshe.

Bana, tun rana ba ta faɗi ba, ya sa hannu a akushin tuwon asida. Washegari ya fizge nama daga hannun wani direba, ya ce wa mutumin, "Dubi tumbinka." Bai ji kunya ba ko kaɗan. Daga nan mazan suka hana shi zama a tabarmar.

'Yarsa Ilham ta kai shi Madani. Likita ta yi masa tambayoyi, ya amsa duka yana tattaɓa kayan teburinta. Aka ɗauki hoton kansa.

"Ba irin mantuwar tsufa ba ce," in ji likitar. "Gaban ƙwaƙwalwarsa ne ke shanyewa, wurin da kunya da haƙuri suke. Tunawa tana nan tukuna. Babu maganin da zai warkar da shi. Zan ba shi ƙwaya ta rage masa zumuɗi. Ku ciyar da shi kafin ya fita, kada ku yi masa faɗa."

Ilham ta je wurin maƙwabcinsu Sambo, wanda yanzu ke jagorantar shimfiɗar, ta roƙe shi a bar mahaifinta ya zauna ko a gefe.

"Kawu, ciwo ne wallahi. Limam ma ya ce an ɗauke masa azumi."

"Wane ciwo, 'yata? Mun ga masu ruɗewa, uwata ba ta gane ni ba har ta rasu. Shi kuwa jiya ya lissafo min jikokina, har da na garin Sinnar. Mai wannan kai ya san abin da yake yi."

"Kawu, tabarma ɗaya..."

"Khalas, magana ta ƙare. Gaban baƙi ne. Ku aiko da tirenku, shi ya zauna gida."

Da yamma Ilham ta ba mahaifinta asida, ya cinye, ya nemi ƙari. Ya sa farar jallabiyarsa ya nufi ƙofa, ya tarar an kulle ta da kwaɗo. Ya jijjiga ta, sannan ya leƙa ta kan katanga. Maza suna wucewa da tire a ka.

"Sambo! Lukman! Ɗan'auta, ka tsaya mana!"

Bai kuskure sunan kowa ba. Ɗan'auta ya ɗan rage tafiya, ya dubi ƙasa, ya bi sauran.