Ƙullin Saiwar Wake

Da ƙyar Malam Shu'aibu ya cusa kansa cikin motar Gusau a tashar Bungudu, yana rungume da wani ƙunshi kamar mai ɗauke da jinjiri. Ɗan kamasho ya ce a sa a but, ya daka masa harara.

To, bari ku ji abin da ya fito da shi. Shekara goma sha tara yana noma masara a gonar gadonsa ta Karakkai. Masara bara, masara bana, har ake ce masa Na-Masara. A da buhu arba'in yake ɗauka, bana tara ya samu, duk da takin zamanin da ya zuba. Ga gonar maƙwabcinsa Ɗanjuma kuwa, kunya ɗaya ce tsakaninsu, sai kumbura take yi. Matarsa Asiya ta sha ce masa ya sauya da wake ko gyaɗa, shi kuwa ya ce wake shukar ragwaye ce, ko kallonsa ba ya yi.

Jiya ya faki ido ya tumɓuke waken suya a gonar Ɗanjuma, sai ga saiwar duk ƙulle-ƙulle. Shi ke nan, da ƙullin nan aka janye masa albarkar gona! Yau da la'asar zai sayar wa Alhaji Mahadi gonar a Gusau, ya huta.

Kusa da shi wata mata ce mai tabarau, Malama Adama, malamar gona.

"Baba, ƙasa na zubo min a zane. Mene ne a ƙunshin?"

"Ɗiyata, ba abin da mace za ta gani ba ne."

Ba su yi nisa ba ya kwance ƙunshin da kansa, don maganar na cin sa. "Duba nan. Ƙulli ɗaya, biyu, har talatin da ɗaya na ƙirga. Mutum ya zauna ya ƙulla wanga abu don ya kashe ni!"

Adama ta danne dariya. "Me kake shukawa?"

"Masara."

"Kafin ita fa?"

"Masara mana. Mi kike nufi?"

"Baba, a ce kullum ana ɗiba a rumbu ɗaya, ba a zubawa. Ƙasarka ta gaji ne. Waɗannan ƙulle-ƙullen kuwa wake ne ke yin abinsa. Su ke jawo wa ƙasa abinci daga iska."

"Iska!" Ya buga cinya har direba ya waiwayo. "Kun ji ko? Na ce da iskoki a ciki, Asiya ta ce tsufa ne!"

"Ba wannan iskar ba, Baba, wadda muke shaƙa."

"Ke dai kin yi boko, kina sakayawa."

Mota ta kwashe da dariya. Adama ta ga ba ci gaba, ta ce, "To na ji. Amma kai ma idan ka shuka wake damina mai zuwa, ka kai takin awaki, ta gaba ka mayar da masara, za su yi maka aiki."

Malam Shu'aibu ya matso, ya yi ƙasa da murya. "Ba yanka? Ba baƙin bunsuru?"

"Kashinsa kawai."

Da suka sauka, wayarsa ta yi ta ƙara, Alhaji Mahadi ne. Ya dube ta, ya tuna tsamiyar da mahaifinsa ke ɗaure jaki a bakin gonar, ya mayar da ita aljihu. Ya miƙe kasuwa, ya auno irin waken suya tiya shida.

Asiya na tankaɗe ya shigo. Ta kasa ɗaga kai. "An sayar?"

Ya tura ƙyaure, ya sauke buhun a gabanta. "Na samo asirin Ɗanjuma. Kada ki faɗa wa kowa."

Ta buɗe, ta damƙi waken, ta daɗe tana kallonsa.

"Malam, har Gusau ka je neman wannan?"

"Irin wanga sani ba a samunsa a gida, Asiya."

"Haka ne," in ji ta, ta ci gaba da tankaɗenta.