'Ya'ya Casa'in da Tara

Saura kwana biyu wata ɗaliba ta kare kundin digirinta na biyu, lissafinta ya nuna matan da ta bincika kowacce na da 'ya'ya ashirin. Ta shigo ofishin Farfesa ido jawur.

Ya daɗe yana duban takardun. A teburin nan marigayi malaminsa ya taɓa yi masa dariya kan irin wannan kuskuren, har yana share hawayen dariya da hula.

"'Yata, waɗanda ba su amsa ba, me kika sa musu?"

"Casa'in da tara, Malam, alamar babu amsa."

"Kwamfutar ta ɗauka haihuwa ce. Jawo kujera, mu sauke wa bayin Allah nauyi."

Kafin azahar 'ya'yan kowacce suka dawo huɗu.